Bamfaya a adabin Gotik da al'adun zamani

Bamfaya wata halitta ce ta camfi da ƙagaggun labarai, wadda ake siffantawa da mamacin da ke tashi daga kabari da dare don ya sha jinin masu rai. Asalin kalmar daga harsunan Silabawa na kudu maso gabashin Turai ne, musamman Sabiyanci, inda ake cewa vampir. Ta shiga Jamusanci da Faransanci da Ingilishi tsakanin shekarun 1725 da 1732. Bamfaya ya bambanta da fatalwa domin yana da gangar jiki, ya kuma bambanta da maye na al'adar Hausawa, wanda mutum ne mai rai da ake zargi da kama kurwa.

Siffar da aka fi sani a yau, ta basarake fari sol mai fiƙoƙi da baƙar alkyabba, ba daga camfin ƙauyukan Turai ta fito ba. Marubutan adabin Gotik na ƙarni na 19 ne suka ƙera ta, sannan masu wasan kwaikwayo da masu shirya fina-finai na ƙarni na 20 suka yi ta ƙari a kai. Littattafai uku ne ginshiƙan wannan tarihi: The Vampyre na John Polidori a 1819, da Carmilla na Sheridan Le Fanu a 1872, da Dracula na Bram Stoker a 1897.

Asali a camfin Turai

A ƙauyukan yankin Balkan, bamfaya yawanci talaka ne, manomi ko tsohon soja da aka sani a gari. Ana kwatanta gawarsa da kumbura da jan fuska, jini kuma na fita daga baki da hanci. Waɗanda yake addaba su ne iyalinsa da maƙwabtansa da dabbobinsu. Idan mace-mace suka yi yawa a ƙauye bayan rasuwar wani, sai a tone kabarinsa, a kafa masa turke mai tsini a ƙirji, a sare kai, ko a ƙone gawar ƙurmus.

Labarin ya isa yammacin Turai ne ta hanyar takardun gwamnati. A 1718 yarjejeniyar Passarowitz ta mayar da arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya zuwa hannun Ostiriya, sai jami'an Ostiriya suka fara cin karo da al'adun da ba su saba gani ba. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, mutum tara suka mutu cikin kwana takwas, mutanen gari kuma suka ɗora alhakin a kan wani manomi mai suna Petar Blagojević da ya rasu makonni goma kafin nan. Wani jami'i mai suna Frombald ya halarci tonon kabarin, ya rubuta rahoto, wata jarida a birnin Biyana kuma ta buga shi a watan Yulin wannan shekara.

Lamari na biyu ya fi tayar da ƙura. Arnold Paole, wani soja a ƙauyen Medveđa, ya mutu bayan ya faɗo daga keken ɗaukar ciyawa. An zarge shi da kashe mutum huɗu, aka tone shi bayan kwana arba'in. A 1731 mace-mace suka sake ɓarkewa a ƙauyen, sai aka tura likitan soja Johann Flückinger ya bincika. Rahotonsa mai suna Visum et Repertum, wato abin da aka gani da abin da aka gano, ya fito a watan Janairun 1732. An fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma a wannan shekarar ce jaridun Landan suka fara amfani da kalmar.

Malaman jami'a da na coci sun shafe shekaru suna muhawara a kan al'amarin. Augustin Calmet, wani malamin coci Bafaranshe, ya tattara rahotannin a littafin da ya wallafa a 1746, littafin da ya zama rumbun da marubuta suka riƙa ɗiba daga baya. A 1755 Sarauniya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba batun. Ya bayyana shi a matsayin camfi da jahilci, sarauniyar kuma ta haramta tone kaburbura da wulaƙanta gawarwaki da sunan farautar bamfaya.

Masana na zamani sun danganta alamomin da ƙauyawan suka gani da yadda gawa ke ruɓewa. Iskar da ke taruwa a ciki ita ke kumbura gawa, ta kuma turo ruwa mai launin jini ta baki. Fata na ja da baya, sai farce da gashi su zama kamar sun ƙara tsawo. Idan aka soki ƙirji, iskar da ke fita na iya yin ƙara kamar nishi. Paul Barber ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa Vampires, Burial, and Death na 1988. Cututtuka masu yaɗuwa a cikin gida ɗaya su ma sun taimaka wa camfin. A 1892, a garin Exeter na jihar Rhode Island ta Amurka, an tone gawar Mercy Brown, 'yar shekara 19 da tarin fuka ya kashe, aka ƙone zuciyarta da fatan ceton ɗan'uwanta da ke fama da cutar. Shi ma ya rasu bayan wata biyu.

Adabin Gotik da waƙoƙin farko

Adabin Gotik wani salon ƙagaggen labari ne da ya taso a Ingila, wanda ya ginu a kan tsoro da asiri da tsofaffin gine-gine da laifin kakanni da ke bibiyar jikoki. Sunan ya samo asali daga salon ginin coci-coci da fadoji na tsakiyar zamanin Turai. Ana ɗaukar The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a 1764, a matsayin na farko. Ann Radcliffe da Matthew Lewis suka bunƙasa salon a shekarun 1790. Littattafan farko sun fi ta'allaƙa da fatalwa da azzaluman sarakai da miyagun malaman coci. Bamfaya bai shiga cikinsu ba sai daga baya.

Ta ƙofar rubutacciyar waƙa ya fara shiga adabi, kuma a Jamus. Heinrich August Ossenfelder ya rubuta gajeriyar waƙa mai suna Der Vampir a 1748. Waƙar Lenore ta Gottfried August Bürger, wadda aka rubuta a 1773, ba ta ambaci shan jini ba, amma labarinta na mataccen saurayi da ya dawo kan doki ya ɗauki budurwarsa zuwa kabari ya yi tasiri ƙwarai. A 1797 Goethe ya rubuta Die Braut von Korinth, wato amaryar Korinti, game da budurwar da ta tashi daga kabari don neman saurayin da aka yi mata alkawari. A Ingila, Robert Southey ya saka bamfaya a Thalaba the Destroyer a 1801, Lord Byron kuma ya kawo shi a matsayin la'ana a The Giaour a 1813. Tun a waɗannan waƙoƙi aka fara haɗa mutuwa da soyayya, abin da camfin ƙauye bai damu da shi sosai ba.

Polidori da bamfaya basarake

A 1815 dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta dagula yanayi a sassan duniya, har aka kira 1816 shekarar da ba ta da bazara. A watan Yunin wannan shekara, ruwan sama ya tsare wasu Turawan Ingila a gidan Villa Diodati da ke bakin tafkin Janiba a Suwizalan. Su ne Lord Byron, da likitansa John William Polidori, da Percy Shelley, da Mary Godwin wadda daga baya ta zama Mary Shelley, da Claire Clairmont. Bayan sun karanta wani tarin labaran fatalwa, Byron ya ba da shawara kowa ya rubuta nasa. Daga nan ne Frankenstein na Mary Shelley ya samo asali. Byron ya fara wani labari ya watsar, Polidori kuma ya ɗauki ƙashin bayansa ya gina The Vampyre.

An buga labarin a mujallar New Monthly Magazine ranar 1 ga Afrilun 1819 da sunan Byron, ba tare da iznin Polidori ba. Byron ya musanta cewa nasa ne, amma sunansa ya riga ya sa labarin ya yi kasuwa a Ingila da Faransa da Jamus. Polidori bai ci moriyar aikinsa ba, ya rasu a 1821 yana da shekara 25.

Jigon labarin shi ne Lord Ruthven, wani basarake mai sanyin ido da ke shiga manyan tarukan Landan yana yaudarar mata. Wani matashi mai suna Aubrey ya bi shi tafiya zuwa Rum da Girka. 'Yan fashi suka ji wa Ruthven rauni, kafin ya mutu ya sa Aubrey ya rantse ba zai faɗa wa kowa labarin mutuwarsa ba har shekara guda da kwana ɗaya. Da Aubrey ya koma Landan sai ya tarar da Ruthven da ransa, yana neman auren ƙanwarsa. Rantsuwar ta ɗaure bakinsa, ya zauce, ƙanwar kuma ta halaka a hannun angonta.

Masu karatu na lokacin sun gane cewa Ruthven hoton Byron ne, domin Lady Caroline Lamb ta riga ta yi amfani da sunan a littafinta Glenarvon na 1816, wanda ta rubuta don caccakar Byron. Da wannan labari bamfaya ya tashi daga kumburarriyar gawar ƙauye ya koma mai kuɗi da sarauta da iya magana, wanda ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma al'umma ce da kanta ke buɗe masa ƙofa saboda matsayinsa. A 1820 Charles Nodier da abokan aikinsa suka mayar da labarin wasan kwaikwayo a Faris, James Robinson Planché ya yi nasa a Landan, sannan Heinrich Marschner ya mayar da shi wasan waƙe mai suna Der Vampyr a birnin Leipzig a 1828.

Varney da Carmilla

Tsakanin 1845 da 1847 aka riƙa buga Varney the Vampire kashi-kashi a ƙananan takardu da ake sayarwa kwabo ɗaya duk mako, waɗanda ma'aikata da matasan Landan ke karantawa. Ana danganta rubutun ga James Malcolm Rymer da Thomas Peckett Prest. Da aka haɗa shi littafi ɗaya, babinsa ya haura 200. Labarin yana da tufka da warwara da yawa, amma ya bar gado: fiƙoƙi masu barin huda biyu a wuya, da shiga ɗakin budurwa ta taga da dare, da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Sir Francis Varney kuma yana ƙyamar halin da yake ciki, a ƙarshe ya jefa kansa cikin dutsen Vesuvius mai aman wuta. Shi ne mafarin bamfaya mai nadama da zai yawaita a ƙarni na 20.

Bamfaya mace ta bayyana a La Morte amoureuse na Bafaranshe Théophile Gautier a 1836, inda wani matashin limamin coci ya kamu da son Clarimonde. Amma wadda ta fi shahara ita ce Carmilla ta Joseph Sheridan Le Fanu, marubuci ɗan ƙasar Ayalan. An fara buga labarin a mujallar The Dark Blue tsakanin 1871 da 1872, sannan a tarin labaransa In a Glass Darkly. Laura, wata budurwa da ke zaman kaɗaici da mahaifinta a wata tsohuwar fada a yankin Styria na Ostiriya, ita ce mai ba da labarin. Hatsarin keken doki ya kawo musu baƙuwa kyakkyawa, ƙawance mai tsanani ya shiga tsakaninsu, sai Laura ta fara rama da mugayen mafarkai. Daga baya aka gano baƙuwar ita ce Mircalla ta gidan sarautar Karnstein, wadda ta mutu tun fiye da shekara ɗari, tana kuma sauya suna ta hanyar jujjuya haruffan sunanta. Le Fanu ya kawo masanin da ya ƙware a kan bamfaya da tsarin tone kabari a gaban hukuma, abubuwan da Stoker ya gina a kansu.

Dracula na Bram Stoker

An haifi Abraham Stoker a Dublin a 1847. Ya shafe shekaru da yawa yana kula da harkokin gidan wasan kwaikwayo na Lyceum a Landan a ƙarƙashin shahararren ɗan wasa Henry Irving. Ya fara tattara bayanan littafinsa a 1890. A wannan shekarar, yana hutu a garin Whitby na bakin teku, ya ci karo da sunan Dracula a wani littafin William Wilkinson na 1820 game da yankunan Wallachia da Moldavia. Kafin nan sunan da ya sa wa jigon shi ne Count Wampyr. Bayanan camfin Transilbaniya kuwa ya samo wasunsu daga maƙalar Emily Gerard ta 1885. Stoker bai taɓa zuwa Transilbaniya ba.

Kamfanin Archibald Constable ya buga Dracula a watan Mayun 1897. An tsara littafin ne ta hanyar wasiƙu da littattafan ajiye bayanan yau da kullum da yankan jaridu da kundin matuƙin jirgin ruwa. Jonathan Harker, wani matashin lauya, ya je Transilbaniya don ya kammala wa Count Dracula cinikin gida a Ingila, sai ya zama fursuna a fadarsa. Dracula ya shiga jirgin ruwa mai suna Demeter da akwatuna hamsin na ƙasar mahaifarsa, ya sauka a Whitby bayan ma'aikatan jirgin sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ya halaka Lucy Westenra, ya koma kan ƙawarta Mina, matar Harker. Farfesa Abraham Van Helsing na Amsterdam ya jagoranci Harker da Dakta Seward da Arthur Holmwood da Quincey Morris, suka lalata akwatunan, suka kore shi har ƙofar fadarsa, inda suka kashe shi da wuƙaƙe daf da faɗuwar rana.

Wani abin da ya bambanta littafin shi ne yadda ya haɗa tsohon camfi da kayan zamani. Masu farautar suna amfani da tafireta da wayar tangaraho da jirgin ƙasa da na'urar naɗar murya da ƙarin jini, tare da tafarnuwa da gicciye. Mina ce ta tattara dukkan takardun ta buga su bi da bi, wannan aiki nata kuma shi ya fallasa motsin abokin gaba. Littafin ne ya tabbatar da yawancin ƙa'idojin da aka sani a yau: bamfaya ba ya bayyana a madubi, ba ya shiga gida sai an gayyace shi, yana rikiɗa ya zama jemage ko kyarkeci ko hazo, yana kwana a ƙasar mahaifarsa. Hasken rana ba ya kashe Dracula na Stoker. Yana yawo a Landan da rana, sai dai ƙarfinsa na raguwa.

Ana yawan cewa Dracula shi ne Vlad na Uku, mai mulkin Wallachia a ƙarni na 15, wanda ya yaƙi Daular Usmaniyya kuma ya yi ƙaurin suna wajen tsire abokan gaba. Littafin In Search of Dracula na Raymond McNally da Radu Florescu ne ya yaɗa wannan ra'ayi a 1972. Masaniya Elizabeth Miller, wadda ta yi nazarin takardun Stoker, ta nuna cewa suna da 'yan bayanai kaɗan kawai ya ɗauka daga littafin Wilkinson. Stoker ya rasu a 1912, kafin littafin ya kai shaharar da fina-finai suka ba shi.

Dandamali da fina-finai

A 1922 kamfanin Prana Film na Jamus ya fitar da Nosferatu, fim marar sauti wanda F. W. Murnau ya ba da umarni. An ɗauki labarin Dracula ba tare da izni ba, aka sauya sunaye. Max Schreck ya fito a matsayin Count Orlok, mai sanƙo da dogayen farata da haƙoran gaba irin na ɓera, wanda ya shigo gari da ɓeraye da annoba. A ƙarshen fim ɗin hasken alfijir ne ya hallaka shi, kuma daga nan wannan ƙa'ida ta bazu. Florence Stoker, matar marigayin, ta kai ƙara kan haƙƙin mallaka, a 1925 kotu ta ba da umarnin lalata kwafin fim ɗin. Wasu kwafi sun tsira a wasu ƙasashe.

Hamilton Deane ya mayar da Dracula wasan kwaikwayo da izni a 1924, ya sanya wa jigon tufafin liyafa da alkyabba mai dogon wuya. John Balderston ya gyara wasan don dandamalin Broadway na New York a 1927, inda Bela Lugosi, ɗan asalin Hungari, ya ja ragama. Kamfanin Universal ya ɗauke shi a fim ɗin 1931 na Tod Browning. Karin harshensa da kallonsa da gashinsa da ya kwantar baya sun zama fuskar Dracula a duniya. A lokaci guda an ɗauki wani kwafi da Sifaniyanci, da wasu 'yan wasa, a kan dandali ɗaya da dare. Da Lugosi ya rasu a 1956, da alkyabbar Dracula aka binne shi.

A 1958 kamfanin Hammer na Birtaniya ya fitar da Dracula mai launi, Christopher Lee a matsayin Dracula, Peter Cushing a matsayin Van Helsing. Jan jini da fiƙoƙi da jajayen idanu suka bayyana ƙarara, kamfanin kuma ya ci gaba da jerin har shekarun 1970. Wasu ƙasashe sun mayar da labarin nasu: Turkiyya ta yi Drakula İstanbul'da a 1953, Pakistan ta yi Zinda Laash a 1967. A Amurka, Blacula na 1972 ya ba da labarin Mamuwalde, wani yariman Afirka da ya je neman taimakon Dracula wajen hana cinikin bayi, sai aka mayar da shi bamfaya. Werner Herzog ya sake yin Nosferatu a 1979, Robert Eggers a 2024, Francis Ford Coppola kuma ya fitar da Bram Stoker's Dracula a 1992.

Daga dodo zuwa masoyi

A rabin ƙarni na 20 na biyu labarin ya rabu gida biyu. Richard Matheson, a I Am Legend na 1954, ya mayar da lamarin cuta da ƙwayar bakteriya ke haddasawa, wadda ta cinye duniya ta bar mutum ɗaya. Wannan littafi ya yi tasiri a kan fim ɗin Night of the Living Dead na George Romero a 1968, wanda ya haifar da fina-finan gawarwaki masu tafiya. Stephen King ya riƙe tsohon tsoron a 'Salem's Lot na 1975, inda bamfaya ya cinye wani ƙaramin gari a jihar Maine.

Ɗaya reshen ya bi sawun Varney. A 1967 shirin talabijin na Dark Shadows ya kawo Barnabas Collins, bamfaya mai neman waraka, masu kallo kuma suka so shi. Anne Rice ta kai wannan salo ƙololuwa da Interview with the Vampire a 1976, inda bamfaya Louis ke ba da tarihinsa da bakinsa, yana kokawa da kaɗaici da laifin kisa da tambayar ko akwai Ubangiji. Daga nan mai karatu ya koma kallon duniya da idon dodon. Buffy the Vampire Slayer, wanda aka nuna daga 1997 zuwa 2003, ya juya tsohon tsari: budurwar da a da ake farauta ita ce mafarauciya. Jerin Twilight na Stephenie Meyer, littattafai huɗu tsakanin 2005 da 2008, ya mayar da bamfaya saurayin makaranta mai kame kai, wanda ke shan jinin dabbobi. True Blood daga 2008 zuwa 2014 da The Vampire Diaries daga 2009 zuwa 2017 sun ci gaba da wannan kasuwa a talabijin.

Wasu marubuta sun yi amfani da siffar wajen tattauna launin fata da bauta da wariya. Jewelle Gomez ta fara The Gilda Stories na 1991 da wata baiwa da ta tsere a 1850. Octavia Butler ta rubuta Fledgling a 2005. Fim ɗin Sinners na Ryan Coogler a 2025 ya kafa labarinsa a jihar Mississippi ta 1932. A Suwidin, John Ajvide Lindqvist ya rubuta Let the Right One In a 2004 game da yaron da ake cin zali a makaranta da baƙuwar maƙwabciyarsa.

Sauran kafofi

A Amurka, ƙa'idar tace littattafan zane ta 1954 ta haramta bamfaya, sai da aka sassauta ta a 1971. Bayan haka kamfanin Marvel ya fitar da The Tomb of Dracula, inda Blade ya fara bayyana a 1973, kafin fim ɗinsa na 1998. A wasannin bidiyo, kamfanin Konami na Japan ya fara jerin Castlevania a 1986. Waƙar Bela Lugosi's Dead ta ƙungiyar Bauhaus a 1979 tana cikin waɗanda suka kafa salon kiɗa da suturar da ake kira Got. Shirin yara na Sesame Street ma yana da Count von Count tun 1972, wanda ke koyar da ƙidaya. A Romaniya, fadar Bran ta zama wurin yawon buɗe ido da sunan fadar Dracula, duk da cewa ba ta cikin littafin Stoker. Jemagun Amurka ta Tsakiya da ta Kudu masu shan jini, nau'i uku, daga wannan camfi suka samo sunansu a harsunan Turai.

Fassarar masana

Tun ƙarni na 18 ake amfani da bamfaya wajen habaici. Voltaire ya kwatanta 'yan kasuwar hannun jari da masu cin gumin talakawa da shi, Karl Marx kuma ya kwatanta jari da shi a littafinsa na 1867, domin a ganinsa jari na rayuwa ne ta hanyar tsotse ƙarfin ma'aikata. Game da Dracula, Stephen Arata ya yi bayani a 1990 cewa littafin na nuna fargabar Birtaniya, mai mulkin mallaka, ta cewa wata rana baƙo daga gabas zai mamaye ta kamar yadda ta mamaye wasu. Wasu masana sun karanta shi a matsayin tsoron cututtukan da ake ɗauka ta jini da saduwa, kamar tunjere a zamanin Stoker da ƙanjamau a shekarun 1980, ko kuma damuwar mazan zamanin Biktoriya game da matan da suka fara neman ilimi da aiki.

Nina Auerbach, a littafinta Our Vampires, Ourselves na 1995, ta nuna cewa siffar na sauyawa ne gwargwadon buƙatar kowane zamani: aboki mai haɗari a farkon ƙarni na 19, azzalumin baƙo a ƙarshensa, sannan saniyar ware mai ban tausayi a ƙarni na 20. A fagen tarihin Afirka, Luise White ta yi nazari a Speaking with Vampires na 2000 kan jita-jitar da ta yaɗu a gabashi da tsakiyar Afirka a zamanin mulkin mallaka, cewa 'yan kwana-kwana da wasu ma'aikatan Turawa na kama mutane suna zuƙe musu jini. Ta bayyana cewa waɗannan labarai sun taso ne daga yanayin aikin tilas da asibitocin mulkin mallaka, kuma hanya ce da mutane suka bi wajen bayyana yadda ake tatsar su.